Wanda Ya Ce A Juya Dama

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa Nives ba ta da zuciya, ku gyara zama. Yau labarin ranar Lahadin nan zan ba ku, kuma ba zan wanke kaina a ciki ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da tara. Shekara takwas na yi a Kanada ina karatun kwamfuta, bara na dawo Ferrara da akwati biyu. Babana, Ermes Zappaterra, gyaran keke yake yi tun kafin a haife ni, a shagon da ke ƙasan gidanmu. Shi ne shugaban ƙungiyar masu tara tsofaffin kekunan tsere ta garinmu. Su ɗari da arba'in ne, yawancinsu sun haura sittin, suna da zaure a intanet inda suke wuni suna musu a kan fenti da lambar firam, wato gangar jikin keke. Da na dawo suka ɗora ni a kan tantance masu shiga, don ni kaɗai ce ba sai na kira jika ya buɗe min waya ba.

Sai kuma Loris. Ma'aikacin jinya ne, dogo, kunnuwansa sun ɗan buɗe. Mama ce ta kawo shi gidanmu, ita ce kuma take ajiye masa kujerar da ke kusa da tawa duk ranar Lahadi. Wata uku da suka wuce ya nemi shiga ƙungiya, aka ba shi riga da izinin shiga zaure kafin a gama tantance shi. Kowa ya san ba keke kaɗai ya kawo shi ba.

Ƙungiyar tana da doka ɗaya da ba a ɗaga ƙafa a kanta, kuma Baba ne ya rubuta ta da hannunsa. Wanda ya sa manhajar nan mai ba da amsa ta yi masa rubutu ya liƙa a zaure, ya fita, ba ya dawowa. Tsofaffin ba sa kiranta da sunanta. Aku suke ce mata.

Sati biyu da suka wuce wani malamin makaranta daga Rovigo ya yi tambaya a zaure. Murfin cibiyar kekensa na ɓangaren sarƙa ya ƙi kwancewa, wato wurin da feda ke juyawa. Amsa ta zo da sunan Loris. Ta gode masa da wannan kyakkyawar tambaya, ta jero matakai biyar da lamba, ta ce wannan murfin ta dama ake kwance shi. A keken Ingila haka ne. A namu na Italiya hagu ake juyawa, kamar kowane noti, kuma ɗan shekara goma a unguwarmu ya san haka. Malamin ya zura bututu a sifana ya danna dama da ƙarfinsa, ya cinye tiredin, wato haƙoran da murfin ke kamawa, na firam ɗin da ya girme ni da shekara ashirin.

A zaurenmu ba a taɓa gode wa kowa da tambaya ba. Ana fara amsa da zagi ne. Shi ya sa kafin azahar kowa ya ce aku ne. Aka sa ranar Lahadi a yi wa Loris gwaji a bencin shagon Baba.

Ranar Lahadi da safe na sauko na tarar Mama tana murza ƙullin taliya, kabewar da za ta cusa a ciki tana shan iska a kan taga. A bayan kujerata ta rataye koriyar rigar nan mai ƙananan maɓallai, ta goge ta har tana ƙyalli.

"Wannan fa?"

"Ki sa mana. Yaron nan zai ci abinci da mu."

"Benci zan je, Mama, ba coci ba."

Na ɗauki rigar ƙungiya na zura, ta ulu, ja mai duhu da farin layi a ƙirji. Ƙaiƙayi take yi, amma wanda zai tantance ba ya tsayawa a benci sai da ita.

Mama ta ajiye muciyar murzawa. "Nives, ki wuce da shi."

"Ba ni ke wucewa da mutum ba. Hannunsa ne."

"Ke dai Kanada ta daskarar miki da jini. Shekara talatin saura ɗaya, mutum ya zo da mutuncinsa, ke kina nan kina leƙen rubutunsa kamar 'yar sanda."

"In ƙarya ya yi a kan keke, a kan me zai faɗi gaskiya?"

Ta koma kan ƙullinta tana dannawa da ƙarfin da bai kamata ba. A lokacin na ɗauka haushi ne.

Bari in faɗa muku abin da ban faɗa mata ba. So nake ya faɗi. In ya faɗi, an gama, babu mai sake ajiye min kujera. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na fara sauraron ƙararrawar kekensa duk Lahadi, kuma ban dawo daga wata duniya don in zama mai jiran ƙararrawa ba.

Wayata ta yi motsi. Loris ne.

"Kin karya?"

"Na sha kofi."

"Kofi ba karyawa ba ne. Na taho miki da burodi."

"Ba a ba mai tantancewa toshiya."

"To na Mama ne."

Na daɗe ina kallon allon, sannan na rubuta: "Kai ka yi rubutun nan?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe: "Sunana ne a kai."

Ƙarfe goma shago ya cika. Mutum ashirin da wani abu, duk cikin jar riga, tumbi ya miƙar da farin layin kowa. Warin giris da kofi. A bango keken Kakana Nerio yana rataye, shuɗi, wanda ya ƙera da hannunsa, ba mai taɓa shi sai Baba. Baba yana kan kujerarsa ta katako kusa da murhu, hannayensa a kan gwiwa.

Ga yadda ake gwajin benci. Ba a tambaya, ba a bayani. Ana ɗora firam, mai tantancewa ya riƙe shi da hannu biyu, a miƙa wa mutum kayan aiki a faɗa masa abu ɗaya da zai yi. Baba yana cewa baki yana aron magana, hannu ba ya aro.

Kawu Oriano ne ya zaɓi aikin. Ba ɗan'uwanmu ba ne, amma tun ina rarrafe nake ce masa Kawu. Shi ne sakatare, kuma shekara goma sha ɗaya yana jiran kujerar Baba, bai taɓa ɓoyewa ba. Ya ɗauko wani tsohon firam mai tsatsa ya ɗora, ya miƙa wa Loris babbar sifana da hannu biyu, har da rusunawa.

"Ranka ya daɗe, likita. Murfin nan na ɓangaren sarƙa. Mun gode da wannan kyakkyawar ziyara."

Shago ya ɗauki dariya.

"A mataki biyar za ka yi ko shida?" in ji wani daga baya.

"Ku bar shi ya tambayi aljihunsa tukuna!"

Loris ya matso benci. Ya naɗe hannun farar rigarsa sau biyu. Na kama firam ɗin, ƙarfen da sanyi. Ya ɗora sifana, ya sa tafin hannunsa na hagu ya danne ta don kada ta zame, abin da ba a koya a rubuce. Bai ko duba ba. Kafaɗarsa ta faɗa hagu.

Na ji shi a tafin hannuna. Wani ɗan ƙas a cikin ƙarfen, murfin ya saki. Bai kai faɗin farce ba, ido ba zai gani ba, sai wanda yake riƙe.

Sai ya tsaya. Ya ɗaga ido, ba ni ya kalla ba, wajen murhu ya kalla. Sannan ya gyara tsayuwa, ya juya sifanar dama, ya danna har jijiyar wuyansa ta fito.

"Ga shi nan!" Kawu Oriano ya buga benci. "Dama! Kun gani da idonku! Ɗan aku ne!"

Hayaniya ta tashi. Loris ya ajiye sifanar a hankali, ya goge hannunsa da tsumma.

"Ermes, me ka ce?" in ji Kawu Oriano.

Baba ya ɗago. Fuskarsa ta yi ja. "Na ba ka kujera a teburina," ya ce wa Loris. "Abin da aka rubuta shi za a bi."

"Na ji, Maigida."

Doka ta ce mai tantancewa ne zai rubuta hukunci ya sa hannu, a karanta ƙarfe huɗu, wanda aka kora ya dawo da rigarsa a ninke. Kawu Oriano ya miƙo min takardar, har ya cire min murfin biro.

"Da yamma, Kawu," na ce.

"Me ake jira, 'yar Kanada? Ko zuciya ce?"

"Doka ta ce huɗu."

Abincin rana mu uku muka ci. Kujerar Loris babu kowa, burodinsa a kan tebur cikin takarda. Mama ta zuba min taliya kamar tana zuba wa maƙiyi. Baba ya ci nasa tas, ya tambayi ina yaron nan yake, bai zo ba yau? Mama ta yi sauri ta ce yana wurin aiki. Na ɗauka gatse Baba yake yi. Haka nake, in abu bai shiga lissafina ba sai in ba shi wani suna.

Amma ƙas ɗin nan bai bar tafin hannuna ba. Mutumin da kafaɗarsa ta san hagu ba zai karanta "dama" ya tura wa wani ba. Mutumin da ya ci gwaji kuma ba ya mayar da shi baya sai da dalili.

Na hau ɗakina na buɗe kwamfuta. Mai kula da zaure yana iya ganin daga inda kowane rubutu ya fito. Minti biyu aikin yake ɗauka. Sati biyu ina da wannan damar ban duba ba, don na riga na samu amsar da nake so.

Waya biyu ne a kan sunan Loris. Ɗaya sabuwa, tana yawo tsakanin gidansu da wurin aikinsa. Ɗaya tsohuwa, ba ta taɓa motsawa ba. Rubutu shida ne suka fito daga tsohuwar, har da na malamin Rovigo, ranar Talata ƙarfe goma da minti arba'in na safe.

Daga layin intanet na gidanmu.

Na tura masa: "Kan ganuwa, wajen bishiyoyin nan. Yanzu."

"Ba kyau a ga mai tantancewa da ɗan aku."

"Loris."

"Ina zuwa."

Na same shi zaune a kan ciyawa, kekensa a kwance, wata leda a gefensa. Ta bakin ledar na hango jan ulu. Har ya ninke.

"Ya saki," na ce. "Na ji shi a hannuna."

"Tsatsa ce."

"Kada ka raina min hankali. Ina tsohuwar wayarka?"

Ya tsinki ciyawa ya jefar.

"Tana aljihun rigar aikin babanki."

Na zauna a kan ciyawa kusa da shi.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki dawo ya fara mantuwa. Da farko sunaye ne. Sai magani, ya sha sau biyu ko ya ƙi sha. Na ba shi wayar, na sa masa abin don ya riƙa tuna masa lokaci. Ya gano yana amsa komai. Na manta ban cire sunana daga zaure ba."

"Ka ga rubutun tun ranar farko."

"Na gani. Biyar ɗin farko ba su cutar da kowa ba. Shekara arba'in duk wanda ya yi tambaya shi ke amsawa, Nives. Ya ga tambaya, ya nemi amsar a kansa, bai same ta ba. Me kike so ya yi?"

"Baba ne fa. Da ido a rufe yake ɗaura taya."

"Har yanzu yana yi. Wata rana. Wata rana kuma a'a."

"Da safe da ya ce maka abin da aka rubuta..."

"Da gaske yake. Bai tuna ba."

Na kalli rufin gidaje a ƙasanmu. Ban yi kuka ba, kada ku sa ran haka.

"Mama ta sani?"

"Ita ta fara kirana."

Na yi wata dariya marar daɗi. "Ashe. Ba miji take nema min ba, mai jinya take nema wa gida."

"Ta kira ni saboda shi, wannan gaskiya ne. Duba mara lafiya sau ɗaya a sati ya isa. Ni sau huɗu nake zuwa, kuma ba na son kabewa."

Na kawar da kai. A raina na ce, Nives, ba yanzu ba.

"In Oriano ya ji," ya ci gaba, "kafin dare duk gari ya ji. Ba kujerar shugabancinsa ce damuwata ba. Wa zai sake kawo masa keke? Za su riƙa yi masa magana a hankali kamar yaro. Shagon nan ne yake riƙe da shi. Ni riga ce kawai zan rasa."

"Da ƙofar gidanmu. Ba zai sake barinka ka shiga ba."

"Na sani."

"To wa zai riƙa duba shi?"

Nan ya ƙare, ashe bai yi tunani har can ba.

"Ki sa hannu kawai," ya ce. "Da ma so kike."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Uku da rabi na dawo gida. Takardar tana aljihun bayan rigata, ba komai a kanta. Ƙofar shago a buɗe take rabi. Na shiga.

Baba ya sauko da keken Kaka daga bango. Ya ɗora shi a benci, ya cire feda, ya jera ƙananan ƙwallayen ƙarfe a kan farin tsumma yadda yake yi tun ina yarinya. Sifana tana kan murfin ɓangaren sarƙa. Yana tsaye yana kallonta, hannunsa a sama bai taɓa ba.

"Baba, me kake yi?"

"Giris zan sa masa kafin mutane su zo." Bai juyo ba. "Nives, wannan... ta ina yake?"

A duniya ba wanda ya koya min hagu sai shi. Ina shekara bakwai, a kan wannan bencin, ya ɗora hannunsa a kan nawa.

Kafin in buɗe baki ya ce, "Bari, ina da aboki." Ya zura hannu a aljihun rigar aikinsa ya fito da wayar, gilashinta a tsage a kusurwa. Ya danna da babban yatsa, ya kai ta bakinsa. "Murfin cibiya na ɓangaren sarƙa, ta ina ake kwance shi?"

A waje na ji ana jingina keke a bango. Na ji tarin Kawu Oriano, wanda ba ya taɓa makara.

Na fizge wayar daga hannun Baba. "Hagu ne, Baba. Hagu. Kamar kowane noti."

"Hagu mana," ya ce da faɗa. "Wa ya ce ba hagu ba?" Ya juya ga keken.

Ina laluben inda ake kashe ta, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Kawu Oriano ne da mutum uku a bayansa. Wayar kuma ta zaɓi wannan lokacin. Muryar mace, mai daɗi, mai ladabi, ta cika shagon.

"Na gode da wannan kyakkyawar tambaya. A yawancin kekuna, murfin wannan ɓangaren ta dama ake..."

Na kashe ta. An riga an ji.

Kawu Oriano ya cire hularsa a hankali. Ya kalli wayar, ya kalli keken Kaka a buɗe, ya kalli bayan Baba. Ba wawa ba ne. Na ga lissafin yana haɗuwa a fuskarsa, saura kaɗan.

"Aku a shagon Zappaterra," ya ce. "Wayar wa ce wannan?"

"Loris ne ya bar ta a nan. Ni nake amfani da ita."

"Ke?"

"Ni na yi rubutun, duka shidan. Sunansa ne a kan wayar, ban kula ba. Shekara takwas ina can, Kawu, kekunansu duk dama ne. Na ji kunyar a ce 'yar Ermes ta manta, na tambayi aku. Loris ya gane, shi ya sa ya juya dama da safe. Murfin ya saki a hagu tun farko, ni nake riƙe. Je ka taɓa shi."

Ɗaya daga cikinsu ya je ya ɗora sifana a kan firam ɗin safe. Tsatsar ta riga ta karye, murfin ya biyo shi ba gardama. Ya gyaɗa kai.

Na ciro takardar na shimfiɗa a kan benci, na rubuta sunana a inda ake rubuta na wanda aka kora, na sa hannu a ƙasa.

Kawu Oriano bai so haka ba. Babban kifi ya hango, aka miƙa masa ƙarami. "Ermes," ya ce, "ka ji abin da 'yarka ta ce?"

Baba ya juyo, sifana a hannunsa. Ya kalli wayar da ke hannuna. Ya shafa aljihun rigar aikinsa, sau ɗaya, ya ji babu komai. Sannan ya kalle ni. Na san idon babana, amma ranar ban iya karanta shi ba. Ko ya manta ne yana ganin 'yar da ta ci amanarsa, ko ya tuna ne yana ganin abin da na yi masa, har yau da nake rubuta muku ban sani ba.

A bakin ƙofa ƙararrawar keke ta yi ƙara. Loris ya shigo da ledarsa a hannu, ya tsaya cak da ya ga fuskokinmu.

"Mayar da rigarka, yaro," in ji Baba, bai ɗauke ido daga kaina ba. "Oriano, karɓi tata."